Ranar da Aka Kashe Idanun Tanki

Shekara goma sha tara Mai Ruwa ya yi yana shiga cikin dutse da safe, ya fito da yamma. Injiniya ne mai takardunsa cif, amma tun makon farko abokan aiki suka laƙa masa wannan suna, sunan kuma ya bi shi har gida. Wata sabuwar maƙwabciya ta taɓa aiko wa matarsa jarka biyu, wai idan maigida ya dawo daga talla a taimaka a cika mata.

Wurin aikin tsohon ramin haƙar ma'adinai ne, kilomita ɗaya da ɗoriya a ƙarƙashin dutse. Da lif ake sauka, minti shida, sarƙa tana kuka, kunne yana toshewa. A can ƙasa akwai tanki mai tsayin bene hawa goma sha biyu, cike da ruwan da ya fi duk wani ruwan sha tsabta. An jere bangonsa na ciki da ƙwayayen gilashi dubu tara, kowane ya kai faɗin tire. Idanu ake ce musu. Ruwan shi ne aikin Mai Ruwa: famfuna, matatai, bututai, da sanyin da bai kamata ya ƙaru ko ya ragu ba.

Abin da idanun ke dako shi ne nutirino. Ya sha yi wa matarsa bayani. Ƙwaya ce ƙarama ƙwarai, ba ta da nauyin kirki, ba ta kama komai, komai ba ya kama ta. Daga cikin rana take fitowa, da cikin taurari, ta ratsa dutse da teku da jikin mutum ta wuce. Biliyoyinta ke bi ta farcen mutum a kowace daƙiƙa. Sai can ba a rasa ba ɗaya ta yi karo da wani abu a cikin ruwan tanki, ta bar ɗan walƙiya shuɗi, idanun su gani su rubuta. Dutsen da ke sama kuwa tare sauran tarkacen sararin sama yake yi, don kada su dame lissafi.

"To shi ya sa nake yawan jin ƙaiƙayi," in ji matarsa ranar da ya fara gaya mata. "Ashe baƙinka ne."

A rana guda tankin kan kama goma sha, in an yi sa'a ashirin, yawanci daga rana. Amma ba don su aka haƙa wurin ba. Shugabar wurin, wadda kowa ke ce wa Farfesa a gabanta, Uwar Rami a bayanta, mutuwar tauraro take jira. Idan babban tauraro ya ƙare makamashinsa, cikinsa kan rufta, ya saki nutirino marar iyaka cikin kamar daƙiƙa goma. Su ke fara isowa, awanni kafin hasken fashewar. Da su kaɗai ake iya leƙa abin da ya faru a tsakiyar tauraron, kuma tanki irin nasu zai iya nuna wa masu madubin hangen sama inda za su juya tun haske bai iso ba. Matsalar ita ce a cikin taurarin da ke kusa da mu abin kan faru sau ɗaya ko biyu a shekara ɗari. Farfesa ta fara jira tana da baƙin gashi. Yanzu tana da shekara sittin da takwas, da sanda, da kwalbar maganin hawan jini a aljihun farar rigarta. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, sai wani ƙane a gari mai nisa. Sau uku hukuma tana shirin rufe wurin, sau uku tana zuwa ta zauna musu a ofis har su gaji su ƙara mata shekara biyu.

A wannan shekarar wani bututu da ke shigar da ruwa ta saman tanki ya fara yoyo. Gyaransa awa huɗu ne, amma sai an buɗe murfi, kuma ba a buɗe murfi sai an kashe idanu, domin hasken fitila ɗaya ya isa ya ƙone su. A duniya akwai wani babban tanki guda irin nasu, a wata ƙasa, kuma akwai yarjejeniya cewa ba za su taɓa rufe ido lokaci ɗaya ba. Wancan yana cikin dogon gyara, sai Laraba zai dawo. Don haka aka sa nasu gyaran ranar Alhamis.

Ranar Alhamis ɗin kuwa aka ba matarsa a asibiti don aikin ido. Yanar ido ce ta rufe mata ido biyu, ta kai sai da lalube take gane ƙofar kicin, ta daina ɗinkin da take yi, ta ƙone hannu sau biyu. Wata bakwai suna jiran layi. 'Yarsu Auta, wadda ke koyarwa a makarantar sakandare, tana sa ido a jarrabawa a wannan makon, ba za a sake ta ba.

"Baban Auta, in aiki ya riƙe ka, sai in nemi wani ya raka ni," in ji matar.

"Wa zai raka ki ina raye? Zan san yadda na yi."

Abin da ya yi shi ne ya sake buga takardar gyara, ya mayar da Alhamis Talata. Ya san da yarjejeniyar sarai. Ya ce a ransa, shekara goma sha tara ba abin da ya zo, awa huɗu ne za su zama na daban? Ranar Litinin ya tare Farfesa a bakin lif, hannunta cike da fayiloli.

"Ranki ya daɗe, takardar gyaran bututu ce."

Ba ta ko sa tabarau ba. Ta ɗora takardar a bayan fayil ta sa hannu.

"Ka lallaɓa min ruwana, Mai Ruwa," ta ce, ta wuce.

Bai yi ƙarya ba. Bai kuma ambaci ranar ba.

Talata da ƙarfe tara aka kashe idanu. Ya hau saman tanki da farar riga da hular kwano da safar hannu, shi da ma'aikata biyu, suka ɗaga murfin. Aikin ya tafi lafiya. Tsohuwar robar bututun ta fita ba gardama, sabuwa ta zauna daram. Yana cikin ɗaure ƙusa ta shida, wajen sha biyu saura kwata, ya ji ƙarar sanda a kan ƙarfe. Farfesa ba ta hawa saman tanki, saboda matakalar. Ya ɗago ya gan ta tsaye, ba hular kwano, waya a hannunta, tana haki.

Ta dubi buɗaɗɗen murfin, ta dubi baƙin ruwan da ke ƙasa, ta daɗe.

"Injiniya, yau wace rana ce?"

Ba ta ce masa Injiniya sai a gaban baƙi.

"Talata, ranki ya daɗe."

"Talata," ta maimaita. Ta miƙa masa wayar.

Saƙon gaggawa ne, irin wanda suka yi shekaru suna gwaji da na ƙarya. Wannan ba a rubuta gwaji a kansa ba. Ƙananan na'urori biyu a wasu ƙasashe sun ga ruwan nutirino a lokaci guda, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin da biyu. Ɗaya ta kama goma sha tara, ɗaya talatin da ɗaya. A ƙasan saƙon an rubuta cewa ana jiran babban tanki ya faɗi inda abin ya fito.

Nasu tankin da zai kama kusan dubu bakwai.

"A rufe murfi," ya ce wa ma'aikatan. "A kunna, maza."

"Ku rufe a hankali," in ji Farfesa. "Kada ku fasa min komai a banza. Daƙiƙa goma ce. Ta wuce tun ina shan shayi."

Ta juya za ta sauka, ƙafarta ta ƙi. Sai da ya riƙe mata hannu har ƙasa. Hannun sanyi ƙalau. Ba ta ƙwace ba, ba ta kuma dube shi ba.

Ba wanda ya ce masa komai a ranar. Wayoyin ɗakin kwamfuta suka yi ta kuka, Farfesa tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin magana guda: tankinmu yana kashe, ba mu da komai. Da yamma Baba Mai Lif, wanda kullum sai ya tambaye shi nawa ne jarka yau, ya ja ƙofa ya danna maɓalli, suka yi minti shida kowa na kallon takalminsa.

Masu hangen sama suka yi ta lalube, tunda ba wanda ya nuna musu gefe. Sai washegari da magariba wani mai sha'awar taurari ya tsinto shi daga bayan gidansa, ɗigon haske ja-ja a inda da babu komai. Awannin farko na fashewar, waɗanda aka fi so a gani, sun riga sun wuce.

Ranar Alhamis ya kai matarsa asibiti tun bakwai. Ba ta ci komai ba, yadda aka umarta. Suka zauna a benci a ɗakin jira, ƙarƙashin talabijin da aka maƙale a bango, tana riƙe da hannun rigarsa da yatsu biyu. Labarin tauraro ake ta yi. Wani mai sharhi ya ce abin takaici ne a ce na'urar da aka kashe shekaru ana tanada don wannan rana an same ta a kashe, ana gyaran famfo. Wani a benci na baya ya yi dariya, ya ce ai dama haka ma'aikata suke ko'ina.

Yatsun matar suka ƙara damƙe rigar.

Wajen sha ɗaya wata nas ta fito da takarda. Ta ce na'urar ɗakin tiyata ta samu matsala, duk masu aikin ido na yau an ɗaga su zuwa mako uku. Ta ba da haƙuri, ta koma ciki.

Suka kama hanyar gida a mota. Sai da ya tsaya a danja ta ce, "Ba ranar Alhamis ka ce za ku buɗe tankin ba?"

"An canza."

"Wa ya canza?"

Danja ta ba da hannu, na baya ya yi masa hon.

"Baban Auta, da ka tambaye ni. Wata bakwai na yi a duhu, mako uku ne zai kashe ni? Ga shi ma mako ukun ya zo da ƙafarsa." Ta juya fuska wajen tagar da ba ta ganin komai ta cikinta. "Yanzu duk wanda ya ji zai ce saboda idon wata tsohuwa."

"Ba ruwanki a ciki. Ni na yi."

"Na sani. Amma ni aka yi wa."

Auta ta zo gida ranar Asabar. Ita ce tun tana ƙarama take bin sa da tambayar taurari, ita ce kuma duk shekara take kai ɗalibanta su ga tankin babanta. Ta gaishe shi a ladabce, ta shiga kicin ta kama aiki. Da yamma ta fito tsakar gida ta tsaya tana kallon sama, inda tauraron ya fito tun rana ba ta gama faɗuwa ba.

"Baba, yara suna ta tambayata," ta ce. "Me zan ce musu?"

"Ki ce musu babanki ne ya buɗe murfin."

"Ba zan ce haka ba."

"To ki ce ba ki sani ba."

Ta dube shi, idonta ya ciko. Ta koma ciki.

Bayan kwana goma hukuma ta turo kwamiti, mutum biyar, suka zauna a ɗakin taro na sama, da ruwan roba a gaban kowa. Aka sa takardar gyaran a tsakiyar tebur. Shugaban kwamitin ya tambayi Farfesa ko wannan sa hannunta ne.

"Nawa ne."

"Kin karanta kafin ki sa?"

"Ba na sa hannu a abin da ban karanta ba. Na ga ranar, na amince. Hukuncina ne, kuma kuskure ne."

Mai Ruwa ya ture kujerarsa baya. Ya miƙe ba a kira shi ba. Ya ce shi ya canza ranar, don wata buƙata tasa ta gida, ya san da yarjejeniyar, kuma ya miƙa takardar a bakin lif ba tare da ya faɗi abin da ya canza ba.

"Zauna, Injiniya," in ji Farfesa.

Shugaban ya rubuta wani abu gajere, ya duba agogo. A fuskarsa Mai Ruwa ya gane cewa ba mai laifi suka zo nema ba. An riga an yanke. Wurin da ya yi shekaru yana cin kasafi don daƙiƙa goma, ya kuma rasa su, ba shi da sauran mai tsaya masa. Rahoton ya fito da kalmar sakacin gudanarwa, ba sunan kowa. Aka ba da wata huɗu a kwashe komai. Mutum arba'in da uku za su nemi wani aiki, har da Baba Mai Lif, da ya rage masa shekara biyu ya yi ritaya.

An yi wa matar aiki a ranar da aka sake ba su. Idon dama ya buɗe tar. Na hagu likita ya ce an makara, jijiyar ta riga ta lalace tun tuni, ba yana kaɗai ba ce. Ta koma ɗinkinta, tana karkata kai gefe guda. Ba ta taɓa cewa a nuna mata tauraron ba, shi ma bai ce ta fito ta gani ba, har ya dusashe ya ɓace bayan 'yan watanni.

Zubar da ruwan tanki a kansa ya faɗa, tunda ba wanda ya san famfunan kamarsa. Ba a yin sa da gaggawa, don kada bango ya motsa. Mita ɗaya a rana. Ruwa na sauka, ma'aikata na shiga da ƙaramin kwalekwalen roba suna kwance idanu layi-layi, ana naɗe su a akwatuna za a kai wa wata jami'a. A mako na uku Farfesa ta sauko ta ce tana so a shiga da ita.

Aka zura ta da kujerar igiya. Shi ya riƙe filafili. Ya tura kwalekwalen zuwa tsakiya, inda fitila ɗaya ke lilo daga sama, dubban gilasai kewaye da su suna ƙyalli kamar zinariya, sama kuma layukan da aka kwashe sun bar ramuka baƙaƙe. Ko tari aka yi sai ya je ya dawo.

"Sau biyu kawai na taɓa shiga nan," ta ce. "Ranar da za a fara cikawa, da yau."

"Ranki ya daɗe, me ya sa kika ce kin karanta?"

"Kana da iyali. Ni me za su yi min, su kore ni daga tsufa?" Ta sa yatsa a ruwan, ta cire, ta goge a riga. "Kuma ya kamata in karanta. Shekara goma sha tara ban taɓa duba takardarka ba. Wannan nawa ne."

"Da na gaya miki dalilin..."

"Da na ce ka tafi asibitinka, a ɗaga gyaran zuwa mako mai zuwa. Bututun da ya yi wata biyu yana yoyo zai iya ƙara kwana bakwai. Magana ɗaya ce, Injiniya. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan. Ba tauraron ba."

Bai taɓa tunanin ɗagawa gaba ba. Ya zauna da filafili a cinya, yana jin yadda abin yake da sauƙi.

"Ki yafe min," ya ce.

Ta juya ta dubi bango.

"Ba zan yi maka ƙarya a cikin tankina ba. Ban iya ba tukuna. Ina ƙoƙari. Mayar da ni, sanyi ya fara shiga ƙafata."

Da wurin ya rufe, ta tattara littattafanta ta koma wajen ƙanenta. Mai Ruwa ne ya ɗaure mata akwatuna ya kai ta tasha. Ta ba shi lambar gidan a 'yar takarda, ta ce ya gaida mai ɗinki.

Ya samu aiki a matatar ruwan gari, albashi ya ragu, amma yana ganin rana. Kowane farkon wata yakan kira lambar. Ƙanen ne ke ɗauka, mutum mai sanyin murya. Yaya tana kwance. Yaya ta fita ganin likita. Yaya ta ce a gaishe ka. A wata na bakwai ƙanen ya ce, "Injiniya, don Allah kada ka ji wani abu. Duk ranar da ka kira ba ta iya cin abinci. Ina ganin a ɗan bar ta ta huta. In akwai wani labari, ni zan neme ka."

"To," in ji Mai Ruwa. "Na gode. Allah ya ba ta lafiya."

Ya ajiye wayar a kan tebur. Lokacin duba ma'aunin tanki na uku na matatar ya yi, ya ɗauki allon rubutunsa ya fita.